Wankin Hoto Mai Launi da Mas'alar Tsare Inuwa

Tun da na'urar ɗaukar hoto ta shigo ƙasashen Musulmi malamai suke muhawara a kan hukuncinta, domin ya inganta a hadisi cewa ranar Alƙiyama za a umarci masu surantawa su rayar da abin da suka ƙaga. Malikawa, waɗanda mazhabarsu muke bi, sun taƙaita haramcin ga surar mai rai wadda take da jiki har tana yin inuwa. Sa'an nan Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya wallafa risala yana halatta hoton na'ura, bisa hujjar cewa aikin tsare inuwa ne kurum, mai ɗauka bai ƙagi kome ba. Na gamsu da hukuncin, amma duk wanda ya taɓa wanke fim mai launi da hannunsa ya san da sauran magana a cikin hujjar.

A ɗauki mai wanki a Tondibiya, can bakin kogin Isa a gefen Yamai, wanda ya toshe kowace kafa ta ɗakinsa, ya naɗe fim da lalube cikin duhu ƙirin, ya rufe shi a gwangwani. Hanyar da zai bi, wadda kamfanin Kodak ya fitar a 1972 da sunan C-41, tana shar'anta maganin farko ya tsaya a digiri 38 har minti 3 da daƙiƙa 15. Kuma yayin da mutanen Turai suke ɗumama ruwa don su kai wannan haddi, shi a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura 40, sai ya sirka da ruwan randa, idonsa a kan ma'auni. In kuwa hunturu ne, ƙwayar ƙura ɗaya ta sauka a kan jiƙaƙƙen fim, ta zauna ke nan a goshin amarya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da yake wakana cikin gwangwanin. Fim ɗin hawa uku ne, ɗaya yana amsa hasken shuɗi, ɗaya kore, ɗaya ja. Azurfar cikin fim da haske ya taɓa ita take jawo rini a kowane hawa, daga bisani magunguna na gaba su wanke ta kakaf, ta yadda abin da ya saura a dodon hoto rini ne zalla, launukansa ma a birkice. Inuwar da aka ce an tsare ta tafi, sai labarinta. Mai wanki, wajen mayar da shi bisa takarda, shi yake ƙara rawaya ko ya rage, har ya yanke cewa haka fuskar take.

A nan nake ganin amfanin abin da malaman tauhidi na Ash'ariyya suka karantar da mu game da kasabi: Allah ne Mahaliccin haske da fuska da azurfa, bawa ba shi da tasiri wajen samar da ko ɗaya, amma yana da zaɓin da za a tambaye shi a kansa. Mai wankin hoto bai yi gasa da halitta ba. Matsayinsa na mai ruwaya ne, ana kuwa neman adalci da kiyayewa ga mai ruwaya. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a ƙasarmu, tun da a baya ɗakunan wanki sun yi shekaru da dama suna daidaita injinsu da katin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, baƙar fata ta riƙa fitowa dulum, ba a rarrabe kunci da goshi. Marigayi Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki samarin Yamai da 'yan matanta a baƙi da fari bayan samun 'yancin kai, ya bar mana fuskokin da jikoki suke ganewa har yau. Ina fatan wanda zai wanke hoton mahaifiyarsa mai launi a Tondibiya ya sake bugu, ko da takarda ta yi tsada, har fatarta ta fito yadda ya san ta.