Hanyar Tasalonika: Darasi Daga Rayuwar Dimas

Sau uku kawai sunan Dimas ya fito a cikin Sabon Alkawari, amma wuraren nan uku sun isa su ba da labarin rayuwar mutum ɗungum. A wasiƙar da Manzo Bulus ya rubuta wa Filimon, aya ta 24, ya lissafta shi cikin abokan aikinsa tare da Markus da Aristarkus da Luka. A Kolosiyawa 4:14 ga shi kuma yana aika gaisuwa ga ikkilisiya, sunansa kusa da na Luka likita. Sai a 2 Timoti 4:10, inda Bulus, yana tsare a Roma yana jiran hukunci, ya shaida wa Timoti cewa Dimas ya bar shi ya kama hanyar Tasalonika. Dalili ɗaya ya bayar, wato son duniyar nan.

Abin lura shi ne, Bulus bai ce Dimas ya yi musun Almasihu ba, bai kuma zarge shi da sata ko bautar gumaka ba. Bisa ga abin da ikkilisiya ta riƙe tun dā, wannan ita ce wasiƙar Bulus ta ƙarshe, a zamanin Sarki Niro. Bayan gobarar da ta cinye babban sashe na birnin Roma a shekara ta 64, sarkin ya ɗora wa Kirista laifin, ya shiga karkashe su. A irin wannan lokaci, kai wa ɗan kurkuku mai bi ziyara kasada ce da rai. Tasalonika kuwa babban birnin lardin Makidoniya ne, yana da tashar jiragen ruwa, yana bisa babbar hanyar fatake, har da ikkilisiya a cikinsa wadda Bulus da kansa ya kafa. Mutum yana iya komawa can ya ci gaba da zuwa sujada, babu mai cewa ya ja da baya. Haka son duniya yakan shiga. Yakan bar wa mai bi sunansa da mazauninsa a majami'a, ya ɗauke masa shirin yin hasara domin Ubangiji.

To, shin dukiya ce laifin? Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Ibrahim yana da shanu da azurfa da zinariya, aka kuwa kira shi aminin Allah. Lidiya, mai sayar da tufafin shunayya a Filibi, ta buɗe gidanta ga Bulus da Sila, masu bi suka riƙa taruwa a wurin. Yusufu mutumin Arimatiya mai arziki ne, shi ya roƙi jikin Yesu a wurin Bilatus, ya ba da sabon kabarinsa. Haka nan talauci ba shaidar tsarki ba ne, gama mai buhun masara ɗaya yana iya kwana yana ƙirga motocin maƙwabcinsa. Uban da yake fafutukar kuɗin makaranta da na asibiti yana cika abin da Allah ya ɗora masa ne, kada kowa ya sa shi jin kunya. Ma'aunin yana bayyana ne ran da riba da gaskiya suka rabu hanya, ya zama dole a saki ɗaya. Abin da mutum ya riƙe a ranar, shi yake ƙauna.

Irin wannan rana takan zo gidajen masu bi fiye da yadda ake zato. Saurayin da ba shi da aikin da aka sani ya dawo gida da mota, ya sa wa iyayensa sabon kwano a ɗaki, uwa ta yi guɗa, uba ya yi shiru, ba wanda ya tambayi inda kuɗin ya fito. Masu neman aure biyu sun zo, aka tambayi albashin kowannensu, ba a tambayi fastonsu ba. Iyaye sun biya kuɗi a rubuta wa yarinya amsar jarrabawa, ran Lahadi suka tsaya gaban jama'a suna ba da shaidar nasara. An ci bashin biki ko na jana'iza domin kada a raina gida, aka shekara biyu ana biya, baiko da taimakon gwauraye suka tsaya. A shekara ta 2016 jama'a da yawa a Nijeriya, har da masu bi, sun zuba kuɗinsu cikin tsarin MMM saboda alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata guda. A watan Disamba na shekarar aka dakatar da biya, gidaje da yawa suka yi Kirsimeti cikin baƙin ciki. Gaskiyar masu iya magana, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ikkilisiya ma tana da nata alhakin. Yakubu, a sura ta 2 ta wasiƙarsa, ya tsauta wa taron da yake ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, ya bar matalauci a tsaye. Idan a ranar gidauniyar ginin majami'a ana kiran sunan mai miliyan da tafi, ba a kuwa taɓa yabon ma'aikacin da ya ƙi cin hanci har ya rasa ƙarin girma ba, yara suna kallo, suna kuma koyon abin da yake da daraja a gidan Allah.

Nan ne nauyin ya fi sauka a kan iyaye. Yaro yakan manta da yawancin wa'azin da ya ji, amma ba ya manta ranar da mahaifinsa ya mayar da kuɗin da aka ƙara masa bisa kuskure, ko ranar da mahaifiyarsa ta ƙi sayen ankon biki domin a biya wa marayan maƙwabta kuɗin makaranta. Haka kuma ba ya manta cewa a gidansu ana iya fasa sujadar iyali saboda wasan ƙwallo, amma ba a taɓa fasa kasuwa saboda addu'a ba. Ya kamata miji da mata su zauna su duba shekarar da ta wuce, su tambayi kansu ko akwai wata riba da gidansu ya bari ta wuce saboda sunan Yesu, ko kuwa kullum ibada ce take matsawa ta ba sauran abubuwa wuri.

Labarin bai ƙare da baƙin ciki ba. A aya ta gaba, 2 Timoti 4:11, Bulus ya roƙi Timoti ya zo masa da Markus, gama yana da amfani a gare shi cikin hidima. Wannan Markus ɗin shi ne ya rabu da su Bulus a Bamfiliya ya koma Urushalima, har maganarsa ta raba Bulus da Barnaba, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 13 da 15 suka nuna. Ya taɓa juya baya, amma ya dawo, sunansa kuma yana kan ɗaya daga cikin littattafan Bishara huɗu. Game da Dimas ba a sake jin kome ba. Duk gidan da ya ga ƙafarsa ta fara bin hanyar Tasalonika, ƙofar tuba tana nan a buɗe, a mayar da abin da ba na halal ba, a nemi gafara, a sake kafa bagadin iyali. Ubangiji ya ba iyalan masu bi zuciya mai wadar zuci, ya riƙe su da aminci har ƙarshe. Amin.