RUWA BA YA TSAMI BANZA

Mai karatu, tambayar da nake so mu duba yau ita ce: idan mutum ya ɓata ruwan da wasu ke sha alhali bai sani ba, akwai hakki a kansa ko babu? Da yawa za su ce ai wanda bai sani ba ba shi da laifi. Ni kuwa cewa nake, sai an duba ko ya nemi ya sani.

Mu mutanen Kura da Bunkure mun san darajar ruwa. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ke biyo kanal ta Ruwan Kanya ya sauko Kadawa da sauran gonakinmu, shi ya sa muke shinkafa da alkama da tumatir rani da damina. Ba a haƙar kwal a ƙasarmu, to amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai sai ka shafa wa naka ruwa. Don haka bari mu leƙa inda ake haƙar.

A 1909 aka gano kwal a Udi, cikin ƙasar Inugu, daga baya aka ja layin dogo zuwa Fatakwal don kwashe shi. A jikin kwal akwai wani sinadari na ƙarfe da farar wuta, wanda muddin yana binne ba ya cutar da kowa. Da zarar an tono shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ruwan ya yi tsami irin na asid, ya narko ƙarafa daga jikin dutse, ya fito ja kamar tsatsa. An daina aiki a ramukan Onyeama da Okpara, masu haƙar sun watse, amma ruwan bai daina tsiyayowa cikin rafuka ba. Nan Arewa ma, mutanen Maiganga ta jihar Gombe sun sha kokawa kan ruwansu bayan an buɗe mahaƙar kwal kusa da su.

To a nan ne batun awon ruwa ya shigo. Masana kan ɗebi ruwan kogi a sama da mahaƙa, su kuma ɗeba a ƙasa da ita, su gwada. Sukan haƙa ƙananan rijiyoyi kewaye da wurin don sanin halin da ruwan ƙarƙashin ƙasa yake ciki, da damina da kuma rani. Mafi muhimmanci, a auna tun kafin a sa diga, domin in ba a san yadda ruwa yake jiya ba, mai ɓarna zai ce ai dama haka ya same shi. Kuma bai kamata a bar wa mai haƙar shi kaɗai awon ba, don ba a ba kura ajiyar nama.

Wani zai ce, Hajiya, haƙar nan fa ita ke ba samari aiki, da kwal ake ƙona siminti. Gaskiya ne, ni ma ban ce a rufe ba. Amma wanda ya iya ƙirga tirela nawa ta fita da kaya, ya kasa sanin abin da ke cikin rijiyar maƙwabcinsa, wannan da gangan ya kau da kai. Rashin sanin da mutum ya zaɓar wa kansa ba ya wanke shi.

Kada kuma mu nuna wasu da yatsa mu manta da kanmu. Manomi ya gama feshi ya wanke tankinsa a kanal, can gangare mata na wanki, yara na wanka, shanu na sha. Takin zamanin da muke zubawa fiye da kima, ragowarsa nutsewa take yi ta tarar da ruwan rijiya, ga shi a wurarenmu ruwan ba nisa. Ruwan kwal ma ya fi shi gaskiya, don shi yakan canza launi. Wannan kuwa garau za ka gan shi, ba wari ba ɗanɗano, alhali yana iya cutar da jariri. Ruwan kogi yakan wanke kansa idan damina ta sauka, amma na ƙasa in ya ɓaci sai a shekara da shekaru.

'Yan'uwana mata, mu ne masu randa, mu ke dama wa yaro koko. Idan sabulu ya daina kumfa, ko farin zane ya fara ja, kada mu yi shiru. Mu gaya wa mazajenmu da masu unguwanni su nemi Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are da ma'aikatan lafiya su riƙa auna mana kanal da rijiyoyi a kai a kai, a kuma karanta mana sakamakon da Hausa a ƙofar dagaci. Wanda ke gangare ba ya ganin abin da na tudu ya zuba, sai dai ya sha. Allah Ya ba mu ikon kiyaye hakkinsa, amin.