Rigar Ƙasa Ta Wa Ce?

Duk ranar da aka fitar da sunayen 'yan wasan Mena, na san wayar shirinmu ba za ta huta ba. Wani dattijo ya taɓa kira yana faɗa, ya ce ya duba sunayen kaf bai ga ko yaro ɗaya daga jaharsu ba, shin su ba 'yan ƙasa ba ne? Bai ajiye waya ba wani matashi ya shigo ya ce: "Baba, ƙwallo ba rabon gado ba ce, wanda ya iya shi ake kira." Lokaci ya ƙare na rufe shirin, amma maganar ta bi ni har gida, don na ga kowannensu da tasa gaskiyar.

Matashin bai yi ƙarya ba. Raga ba ta tambayar garin wanda ya buga. Idan mai horarwa ya ajiye gwani ya ɗauki wanda bai kai shi ba don a cike gurbin wani yanki, ya zalunci mutum biyu. Ya hana gwanin haƙƙin guminsa, shi kuma wanda aka ɗauka an ɗora masa zargin da zai bi shi har ya daina wasa, ko ya yi abin kirki a ce ai alfarma ce.

Dattijon ma ba shirme ya faɗa ba. Ƙungiyar ƙasa ta bambanta da kulob ɗin da attajiri ya saya. Da kuɗin jama'a ake tafiyar da ita, taken ƙasa ake rera mata. In shekaru suka yi ta wucewa wani yanki bai taɓa ganin ɗansa cikin rigar ba, dole ya tambaya ko Allah bai ba su ƙafa ba ne, ko kuwa ba a zuwa a duba.

Ƙasar da ta fi shan wannan muhawara ita ce Afirka ta Kudu. A zamanin mulkin wariyar launin fata, ƙungiyar zari-ruga ta ƙasar, Springboks, kusan ta farare ce zalla. Ko a 1995 da suka ɗauki kofin duniya a gida, Nelson Mandela ya miƙa shi da hannunsa, Chester Williams kaɗai ne ba farar fata ba a cikinsu. Daga baya hukumomi suka sa ƙa'idar yawan baƙaƙen da ya kamata a gani a ƙungiyoyin ƙasa. A 2016 ministan wasanni Fikile Mbalula har ya hana hukumomin wasanni huɗu, ciki da ta zari-ruga, neman karɓar baƙuncin manyan gasanni saboda sun kasa cika ƙa'idar.

A 2018 aka naɗa Siya Kolisi kyaftin, baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin. A 2019 ya ɗaga kofin duniya a Japan bayan sun doke Ingila 32 da 12, ya sake ɗagawa a Faransa a 2023. Masu goyon bayan ƙa'idar suka ce ga amfaninta, masu adawa suka ce iyawarsa ce ta kai shi. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne farkon labarin. Kolisi ya tashi cikin talauci a unguwar Zwide. Yana da kimanin shekara 12 aka gan shi a wata gasar yara, aka ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar Grey, inda akwai fili mai kyau da masu horarwa da abinci. Baiwar tasa ce tun asali, amma a can aka raine ta. Yara nawa irinsa suka rage a Zwide da babu wanda ya je ya gani?

Wannan ne ya sa nake ganin dattijon da matashin kowa ya kama gefe ɗaya na tabarma. Cancanta ba daga sama take faɗowa ba, raino take so. Yaron da ke buga ƙwallo a Yamai kusa da filin Seyni Kountché yana gaban idon masu zaɓe kullum. Takwaransa na wani ƙauye a Diffa ko Agadas zai iya fin sa baiwa ya tsufa babu wanda ya san sunansa. Idan muka ce mun zaɓi mafi iyawa, a gaskiya mafi iyawa cikin waɗanda muka gani muka zaɓa.

Maganin kuwa yana gidanmu. A gasar kokowa ta ƙasa, kowace jaha cikin takwas tana kawo 'yan kokowa goma. Babu jahar da ake rufe wa ƙofa. Amma da an shiga fili babu batun rabo, wanda ya kayar shi ke gaba. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi sau da dama, ban taɓa jin wanda ya ce a karɓe a ba wata jaha don ita ma ta ɗanɗana ba. Mutane sun yarda da sakamakon ne domin sun ga kowa ya samu damar shiga.

Haka nake so a yi wa sauran wasanni. A yi rabon adalci wajen filaye, gasannin makarantu, masu horar da yara da masu yawon neman baiwa, kowace jaha ta samu kasonta, a kuma tuhumi hukuma idan ta gaza. Ranar fitar da sunaye kuwa a bar mai horarwa ya ɗauki wanda ya fi, ko da duk daga unguwa ɗaya suka fito. Cusa suna ɗaya don a rufe bakin wani yanki abu ne mai arha, yana ba hukuma damar guje wa aikin da ke cin kuɗi da shekaru.

Da dattijon nan zai sake kira, zan ce masa: Baba, kukanka yana kan hanya, sai dai ba mai horarwa ya kamata ka kai wa ba. Mu tambayi masu riƙe da kuɗin wasanni yaushe rabon da a shirya gasar yara a garinku, kuma wa aka turo ya kalla.