Unguwar Kirki da Abin da Take Nema a Wurin Baƙo

Tun da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, aiki yake ta kwaso mutane daga manyan birane yana sauke su a garuruwan da ba su taɓa kwana ba. Birnin Kudu na cikin waɗanda suka fi karɓar irin waɗannan baƙi, saboda Asibitin Tarayya da kwalejin koyon jinya da ungozoma, ga kuma tsohuwar Kwalejin Gwamnati inda Aliko Ɗangote ya yi karatu. Gwaram, can wajen iyakar Bauchi, ita ma tana samun nata rabon na malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da masu yi wa ƙasa hidima. Magidancin da takardar canjin wurin aiki ta iso hannunsa, tambayarsa ga dillali kusan kullum ɗaya ce: wace unguwa ce ba ta da fitina, inda zan bar iyali hankalina kwance? Tambaya ce ta mai hankali. Sai dai an ɗora ta a kan zaton cewa aminci yana ajiye a wani gefe na gari, wanda ya iya biyan haya ya je ya same shi. Wannan zaton nake ganin bai tsaya ba, ko a ma'aunin addini ko a na zaman duniya.

A fara ba mai tambayar gaskiyarsa. Musulunci bai hana kowa zaɓen inda zai zauna ba. A hadisin mutumin da ya kashe rai ɗari, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, malamin da ya nuna masa ƙofar tuba sai da ya haɗa masa da umarnin barin garinsu ya koma cikin mutanen kirki. An ruwaito Annabi (SAW) yana neman tsari daga mugun maƙwabci a mazauni na dindindin, an kuma ruwaito ya lissafa maƙwabci nagari cikin abubuwan jin daɗin rayuwa. Bahaushe ma ya san zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To amma idan aka jera nassosin maƙwabtaka gaba ɗaya, masu maganar zaɓe 'yan kaɗan ne, sauran duk nauyi suke ɗora wa mutum a wuyansa. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da kyautata wa maƙwabcin da ke da dangantaka da kai da wanda ba ku haɗa komai ba. Mala'ika Jibrilu ya yi ta maimaita wasiyya a kan maƙwabci har Annabi (SAW) ya zaci za a sa shi cikin magada. An kore cikar imani, da rantsuwa har sau uku, daga wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga cutarwarsa ba. An ce wa Abu Zarri ya ƙara ruwa a romonsa don ya kai wa na kusa. Da Nana A'isha ta tambayi wanda za ta fara ba kyauta cikin maƙwabtanta biyu, amsar ita ce wanda ƙofarsa ta fi kusa, ba a ce ta auna wanda ya fi hali ba. Fiƙihu ma yana da abin cewa a nan: a mazhabar Malikiyya da muke bi, haƙƙin shufu'a na abokin tarayya ne a gidan da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da shi, saɓanin Hanafiyya. Wato ko ka tantance unguwa gida-gida kafin ka tare, gobe mai gidan jikin katangarka yana iya sayar wa wanda ya ga dama, shari'a ba ta ce sai ya shawarce ka ba. Abin da ya rage a hannunka tabbas shi ne halinka da duk wanda ya zo.

Shi amincin da ake nema, daga ina yake fitowa a gari kamar Birnin Kudu ko Gwaram? Ofishin 'yan sanda yana nan, amma ba shi ke kwana a lungu ba. Abin da ke tsare unguwa sanayya ce. Dattijon da ke kan dakali bayan La'asar ya san ɗan gidan wane ne ya wuce da kuma lokacin da ya kamata a ce yana Islamiyya. Mai shayin bakin layi ya san babur ɗin da ba na unguwar ba. Yarinyar da aka aika da kwanon tuwo gidan maƙwabta da Magariba takan dawo ta ce yau ƙofar a rufe take, kuma ba a ji motsin tsohuwa ba, sai a tura babba ya duba. Bisa al'ada baƙon da ya sauka ana kai shi gaban mai unguwa, shi kuma yana da dagaci a samansa, sai hakimi, har zuwa fadar Sarkin Dutse, wadda ƙananan hukumomin biyu ke ƙarƙashinta. Ba Bahaushe kaɗai ya gano haka ba. A 1997 Robert Sampson da abokan aikinsa sun wallafa bincike a kan unguwannin birnin Shikago na Amurka, suka nuna cewa inda maƙwabta suka yarda da juna kuma suke shirye su tsawatar wa yaran da ba nasu ba, tashin hankali ya fi ƙaranci, ko da an yi la'akari da bambancin talauci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa wani ne ya ɓata lokacinsa ya yi shi. Wanda ya zaɓi unguwa saboda su, sannan ya ja ƙyaure ya rufe, bai san sunan liman ba, ba a ganinsa a suna ko jana'iza, yana cin gajiyar adashin da bai zuba ba.

Shi ya sa shawarar da dillali ya fi saurin bayarwa, wato sabon gini a bakin gari mai doguwar katanga da waya a kai, take buƙatar a sake dubanta. A irin waɗannan wurare kangwaye sun fi gidajen da ake kwana yawa, masu filayen suna Kano ko Abuja, kuma idan mai gida ya tafi aikin dare a asibiti, ihun matarsa ba lallai ya tarar da kunnen kowa ba. Katangar da ta hana ɓarawo gani ita ce ta hana maƙwabci gani.

Za a ce wannan sanayyar da nake yabo ita ce sa-ido, kuma haka ne, tana da wannan fuskar. A ƙaramin gari ana ƙirga wa mutum baƙinsa, ana sanin ranar da aka ɗora tukunyar nama a gidansa, matar da ke fita aiki da kakin jinya tana iya zama abin hira a majalisa. Wanda ba ɗan gari ba, balle wanda ba Musulmi ba, yana iya shekara goma ana kiransa baƙo. Amma addinin da ya wajabta kula da maƙwabci shi ne ya haramta bin diddigi da giba a Suratul Hujurat, kuma ayar Nisa'i ba ta ware maƙwabcin da ba a haɗa jini ko addini da shi ba. Don haka wannan ƙorafi hujja ce a kan mutanen gari, su gyara yadda suke kallon baƙo. Bai zama izini ga baƙon ya janye jikinsa ba, domin gulma ta fi samun wurin zama a kan wanda ba a sani ba. Likitan da ake haɗuwa da shi a sahun Asuba, ko malamar da ta shiga gida ta yi barka da haihuwa, idan aka taɓa su a bayan ido sukan sami mai cewa a'a, ba haka yake ba.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne na 'ya'ya. Amana ce a wuyan uba, kuma ba a ce ya kai su inda matasa ke shaye-shaye a kango don yana fatan zamansa zai gyara wurin ba. Mutum ɗaya ba ya gyara unguwa, kuma wanda aka turo na shekara biyu yana iya cewa bai ga dalilin shuka abin da ba zai girba ba. Shi ya sa ma'aikata da yawa ke barin iyali a Kano ko Dutse suna zuwa ƙarshen mako. Na yarda da rabin farko. Akwai unguwar da guje mata wajibi ne, akwai kuma haɗarin da kirkin maƙwabta ba ya tarewa: damina ta sha karya gadoji a yankin Basirka da ke Gwaram, kuma gidan da aka gina a hanyar ruwa ba ruwansa da halin mai shi. Rabi na biyu ne ban yarda da shi ba, domin haƙƙin maƙwabci ba a ɗaure shi da tsawon zama ba, ayar Nisa'i ma ta haɗa har da abokin da ke gefenka da matafiyi. Abin da wannan ƙorafi ke koyarwa shi ne yadda za a yi zaɓen. A je a ga gidan a watan Agusta idan hali ya yi, ko a duba jikin katanga a ga inda ruwa ya taɓa kaiwa. A koma da dare bayan Isha'i a ga su wa ke zaune a bakin layi. A lura ko yara suna tafiya makarantar allo su kaɗai ba rakiya, ko idan famfon burtsatse ya lalace akwai masu haɗa kuɗin gyara. Sannan a sa wanda ya san gari, ba dillali kaɗai ba, ya raka mutum gaishe da mai unguwa kafin motar kaya ta iso.