Haƙƙin Ɗa Idan Iyaye Sun Rabu

Yaro yakan tashi a hannun uwa kaɗai ko uba kaɗai saboda mutuwa, ko saki, ko doguwar tafiya. Duk ana ganin irin waɗannan yara a Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa ta Yawunde, inda babban masallacin birnin yake. Akwai direban babbar mota da ke shafe makonni tsakanin Duwala da Njamena. Akwai mahaucin da ke sammako zuwa karar shanu ta Etoudi, ba zai dawo ba sai ya tashi daga tukubar tsire da tsakar dare, yara sun yi barci. 'Ya'yan irin wannan suna da uba a gida, amma uwa ce ke ɗauke da tarbiyyarsu gaba ɗaya.

Tashi a gaban iyaye biyu ni'ima ce. Yaro yana samun mai rarrashi da mai tsawatawa, yana ganin yadda ake saɓani a shirya, kuma nauyin ci da sha da karatu ba ya faɗawa kan mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai rashin ɗaya daga cikinsu ba ya hana ɗa albarka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ga mahaifinsa ba, mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara 6, kakansa Abdulmuɗɗalib ya riƙe shi har ya kai 8, sannan baffansa Abu Ɗalib ya karɓa. Imam Shafi'i, wanda aka haifa a shekara ta 150 bayan Hijira, mahaifiyarsa ce ta rene shi, ta kai shi Makka yana ƙarami. Kowannensu ya samu wanda ya tsaya masa.

Maraya yakan samu tausayi, domin kowa ya san falalar riƙonsa. Wanda aka fi zalunta shi ne ɗan da iyayensa suke raye amma aure ya mutu. Al'ada ta saba cewa da zarar an yaye shi, uba ya aiko a ɗauko. Sai a miƙa shi ga kishiyar uwa, ko a saka shi a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga nan a wuce da shi Garwa ko Marwa wajen goggo, uwar na kuka ana ce mata ɗa ai na uba ne.

Mazhabar Malikiyya, wadda mutanen unguwar ke bi, ba haka ta tsara ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukan malamai, ya bar riƙo a hannun uwa bayan saki: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu ko ta yi wani aure, riƙon ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan ga 'yar'uwar uwa. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna kan uba gwargwadon halinsa, ko da ɗan yana wani gida. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora wannan nauyi a kansa, ta kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ko uba saboda ɗansa. Uban da ya ce ba zai ba da ko sefa ɗaya ba sai an kawo masa yaro, ya haɗa laifi biyu: ya hana haƙƙi, kuma yana neman ƙwace riƙon da ba nasa ba.

Uwa ma tana da nata. Ba ya halatta ta hana uba ganin ɗansa, ko ta riƙa cika kunnen yaro da aibin mahaifinsa, domin wannan koya masa yanke zumunci ne. Mijin da ya auri bazawara da agola, ya sani amana ya karɓa, kada ya bambanta kwanon abinci.

Wani zaluncin kuma ba a cika ambatonsa a wa'azi ba: takardar haihuwa. A Kamaru yaro ba ya zana jarrabawar kammala firamare sai da ita. Wani uban bai taɓa yi wa ɗansa ba, wani kuma ya kulle ta a akwati don ya huce haushin uwar. Watan Satumba ya zo, ana neman kuɗin makaranta da littattafai, uwa tana soya ƙosai ko tana aikatau, yaro yana yawo tsakanin shagunan teloli da masu atamfa. Daga nan ne abokan banza da ƙwaya suke samun ƙofa.

Inda uba ya rasu ko ya gudu, kawu da baffa su ne na farko da za a tambaya, kafin maƙwabta da kwamitin masallaci. Limaman da ake kai wa maganar saki kuwa, bai kamata su sallami mutane ba sai an rubuta a gaban shaidu wa zai riƙe yara, nawa uba zai bayar kowane wata, da kuma hannun da takardunsu za su zauna.