Mai Uwa a Gindin Murhu

Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Abin da karin maganar bai faɗa ba shi ne, yaron da ake cika wa kwano da miya ba kasafai yake sanin gata ake yi masa ba. A ganinsa haka tuwo yake zuwa wa kowa. Ɗan riƙon da ke zaune a gefe shi ya san bambancin, in kuwa ya buɗe baki sai a ce ya cika ƙorafi.

A 1989 wata malama Ba'amurkiya, Peggy McIntosh, ta wallafa ɗan rubutu da ya yi suna a kan wannan al'amari. Ta lura cewa abokan aikinta maza sukan yarda ana tauye mata, amma da wuya su yarda cewa su ke cin ribar tauyewar. Sai ta juyo da tambayar kanta a matsayinta na farar fata, ta jera abubuwan da take samu ba tare da ta roƙa ba, kamar neman gida inda take so, ko shiga kanti ba mai bin ta a baya yana zarginta. Ta kamanta su da jakar guzuri da mutum ke goye da ita, shi kuwa ba ya ganinta.

Nijeriya ta ga wannan jaka a fili. Unguwannin da ake kira GRA a yau, asalinsu wuraren da aka keɓe wa Turawa ne, da tazarar yadi 440 tsakaninsu da gidajen 'yan ƙasa. Ikkilisiya ma ba ta tsira ba. Samuel Ajayi Crowther ya zama bishof a 1864, amma a 1890 wasu matasan Turawan mishan suka tozarta aikinsa a Onitsha, da ya rasu a 1891 kuma Bature aka naɗa a gurbinsa. A ƙasar Tangale, ma'aikatan SIM sun iso Kaltungo a 1917, sun sha wahala ƙwarai, sun kawo makarantu da magani, babu mai musun wannan. Duk da haka ECWA da aka kafa a 1954 sai a 1976 mishan ya kammala danƙa mata ragamar ayyukansa. Yawancin Turawan nan ba mugaye ba ne. Sun dai saba da cewa su ke riƙe makulli, har abin ya daina yi musu kama da tambaya.

Turawa sun tafi, jakar ta zauna. A birnin Gombe ɗaya daga cikin kamanninta ita ce takardar indijin. Ga yaro haifaffen Tudun Wada ko Jekadafari, kakansa ya zo tun lokacin da layin dogo ya iso garin a 1963, ba ya jin wani harshe sai Hausa. Ranar neman aikin gwamnatin jiha ko tallafin karatu sai a ce ya je ya kawo takarda daga wata ƙaramar hukuma da bai taɓa takawa ba. Abokinsa da suka yi aji ɗaya ya karɓi tasa cikin yini guda, bai ji an yi masa wata alfarma ba. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi ko addini, sashe na 147 kuma ya ce a ɗauko minista daga cikin 'yan asalin kowace jiha. Dokar da ta hana bambancin ita ce kuma ta ba shi wurin zama.

Wani lokaci ma ba a iya nuna abin da yatsa. A 2019 Mai Shari'a Beatrice Iliya, wadda ta fi sauran alƙalan Babbar Kotun Jihar Gombe girman matsayi, ta riƙe kujerar babban alƙali na watanni uku, sannan aka ba wanda ke ƙasa da ita riƙon. Ta kai ƙara Majalisar Shari'a ta Ƙasa, ƙungiyoyin lauyoyi mata suka yi magana, gwamnati ta kawo nata dalilan, ita kuwa ba a tabbatar da ita ba. Wasu suka ce don mace ce, wasu suka ce addini ne ko ɓangaren jihar da ta fito. Ba wanda ya rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan a takarda. Irin wannan shi ke cin zuciya, domin wanda abin ya shafa ba shi da shaida, wanda ake zargi kuma yana iya rantsewa cewa zuciyarsa fari tas.

Masu bi a Gombe sun san wannan zafi, kuma sun iya ba da labarinsa. Amma laifi tudu ne. Magidancin da ya dawo daga ofis yana kukan an tsallake shi a ƙarin girma, shi ne zai tarar da 'yarsa ta ɗebo ruwa ta yi wanke-wanke, ɗansa namiji kuma yana zaune da littafi, bai ga komai a nan ba. In kuɗin makaranta ya gaza, an san wadda za a ce ta dakata. In miji ya rasu, sau da yawa dangi kan fara maganar gida da fili tun gwauruwar ba ta gama karɓar gaisuwa ba, alhali Littafin Ƙidaya sura 27 ya nuna an ba 'ya'ya mata na Zelofehad gadon ubansu, Kotun Ƙoli kuma a 2014 ta soke al'adar da ke hana 'ya mace gado a shari'ar Ukeje. A majami'a, Zumuntar Mata ke cika kujeru, su ke shara, su ke girkin babban taro, su ke tara gudunmawa. A wurare da yawa kuwa, ranar da za a yanke yadda za a kashe kuɗin ba ko ɗayarsu a ɗakin. Ba maganar naɗa mata fastoci ake yi ba, ɗariƙu sun bambanta a kan wannan. Maganar ita ce ko an tambaye su.

Akwai kuma ta ƙabila. Majami'ar da mutanen yare ɗaya suka kafa, hirar dattawa takan zame zuwa yarensu ba da niyya ba, zaɓe kuma yakan bi hira. Waɗanda suka gudo daga Gwoza da Michika da Mubi a 2014, a wasu majami'u har yanzu baƙi ake ce musu, bayan sun yi fiye da shekara goma suna ba da baiko a wurin.

To, mai gata yana da laifi? Ba wanda ya zaɓi a haife shi namiji, ko ɗan asalin Akko, ko ɗan malamin mishan da ya riga kowa shiga makaranta. Ɗora wa mutum laifin haihuwarsa zalunci ne, kuma ba abin da yake haifarwa sai gardama. Alhakin yana farawa ne a ranar da ɗan riƙon ya yi magana. Daga ranar nan mai gata ba zai iya cewa bai sani ba, abin da ya yi da maganar shi ne nasa.

Sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni ta nuna wannan sarai. A ikkilisiyar Urushalima ana rabon abinci kullum, sai Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu. Babu alamar wani ya shirya hakan. Masu rabon sun san gwaurayen da ke jin harshensu, sun san ƙofofin gidajensu, hannu kuma yakan bi inda ido ya saba. Manzannin suna da amsoshin da shugabanni suka saba bayarwa: su ce ba da gangan ba ne, ko su ce masu gunagunin na neman raba kan jama'a, ko su ce duka ɗaya ne a cikin Almasihu don haka a bar tonon asali. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi haɗari, domin gaskiya ce, kuma da gaskiya aka fi saurin rufe bakin mai jin yunwa. Ba su ba da ko ɗaya ba. Ba su kuma tsaya binciken zuciyar kowa ba. Suka tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai a ba su aikin.

Luka ya jera sunayen bakwai ɗin, daga Istifanas da Filibus, kuma dukansu sunayen Helenanci ne. Na ƙarshensu, Nikolas mutumin Antakiya, ba a ma haife shi Bayahude ba, shiga addinin ya yi. Manzannin suka yi addu'a, suka ɗora musu hannu, suka bar musu rabon abincin.