Malaman Gwiwa, Wayar Aljihunku Ma Allo Ce

Akwai wani malamin firamare a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Gwiwa da ba na mantawa da shi. Bayan sallar la'asar yakan karɓo wayarsa daga wurin mai caji, ya nufi wani ɗan tudu a bayan gari inda sabis ke kamawa, ya ɗaga ta sama kamar mai kallon wata. A nan yake tsayawa har ya sauke ɗan bidiyon da bai wuce minti uku ba, na yadda ƙwayar wake ke tsagewa ta fitar da saiwa. Washegari sai ya riƙa kiran yara biyar-biyar gaban aji, su haɗa kawuna a kan gilashin wayar da ya riga ya tsage a gefe. Yaran nan 'ya'yan manoma ne, sun sha shuka wake da hannunsu, amma ran nan suka fara ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa. Kuɗin datar daga albashinsa ya fita, kuma babu wanda ya sa shi.

Malam, Malama, da ku nake. Ku da kuke buga sammako daga Buntusu, Dabi da Korayel, da 'yan uwanku na Roni, Kazaure da Babura: kada wani ya sa ku ji kamar wannan zamani na 'yan birni ne, ku kuwa 'yan kallo.

Ai wannan kusurwa ta Jigawa ba baƙuwa ba ce a harkar fasaha. A shekarar 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya, kuma a wannan zamanin ne gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki, ɗan Kazaure, ta kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure da kamfanin Galaxy a Dutse, lokacin da jihohi da yawa masu ji da kansu ba su ma fara tunanin intanet ba. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu nan kusa da ku. Ga jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Ƙofofin nan a ƙasarku suke, amma yaron Gwiwa ba zai shige su ba sai ta hannunku.

Kun san kuma inda gizo ke saƙar. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir gaba ɗaya. Yaro zai zauna gaban kwamfuta, tambayoyi 180, awa biyu, agogo na tafiya a saman allon. Sau nawa muka ji labarin ɗalibi mai ƙwaƙwalwa, wanda ya haddace darasinsa tsaf, ya ɓata rabin awa hannunsa na karkarwa don bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba? Ba jahilci ne ya kayar da shi ba, baƙunta ce. Wannan baƙuntar kuwa malami na iya kashe ta ko da babu kwamfuta ko ɗaya a makaranta. Zana madannai a kan allo da alli. Nuna musu A, B, C da D na zaɓen amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Sauke tsoffin tambayoyi a wayarka, ka ba su ita su taɓa ɗaya bayan ɗaya, har yatsa ya saba, gaba ya daina faɗuwa. Wanda ya samu hali ya kwashi 'yan aji shida na sakandare ya kai su Kazaure su zauna gaban kwamfuta ko sau ɗaya kafin ranar, wallahi ya yi musu abin da ba za su manta ba.

Ban ce da sauƙi ba. Wuta ba ta tsayawa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, data ta yi tsada, albashi ba ya kai tsakiyar wata, aji kuma cike maƙil. Haƙƙinku ne ku ci gaba da neman a sa wa makarantu sola da na'urori, ta hannun ƙungiyar malamai da kwamitin iyaye, kuma kada ku gaji da nema. Amma kun riga kun nuna abin da za ku iya. A 2020, da korona ta rufe makarantu, malamai ne suka shiga gidajen rediyo suna karantarwa, wasu suna naɗar murya suna tura wa iyaye ta WhatsApp. Daga bisani, a 2022, ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka buɗe dandalin Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussan firamare da sakandare kyauta. Wanda ya shiga gari ranar kasuwa ya sauke darasi, ya dawo ya tura wa sauran malamai ta Bluetooth ko Xender, ba tare da kowa ya sake kashe sisi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ke kuma Malama, ina so in tsaya a kanki. Yarinyar da ke zaune a bayan aji tana lura da yadda kike sarrafa waya don aiki, ba don hira kaɗai ba. A gidansu wataƙila ba a barin ta taɓa ta yayanta. Ranar da kika miƙa mata taki kika ce, "Zo ki nemo mana ma'anar kalmar nan," kin buɗe mata abin da wa'azin shekara guda ba zai buɗe ba.

Dattawan malamai kuma, kada kunya ta hana ku tambayar ƙaramin malamin da aka turo jiya. Shi ya iya latsawa, ku kun iya karantarwa, kun kuma san wane bidiyo ne ya dace da tarbiyyar yaranmu da wanda bai dace ba. Ku zauna a ofishin hedimasta ko a gindin darbejiya bayan an tashi, ku koya wa juna.

Ranar Litinin mai zuwa, Malam, ka shiga aji da wayarka cike da caji da darasi ɗaya a cikinta. Ka kira yaron da ya fi kowa shiru, ka sa masa ita a hannu. Allah ya ƙara muku ƙarfin gwiwa.